Aska, Dutsen Wasi da Reza: Tarihin Aski a Damagaram

A ƙarshen watan Disamba na 1852 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya sauka a Damagaram daga Kukawa. Niyyarsa ya nausa yamma har Tumbuktu, amma guzuri ya yi ƙasa, don haka ya zauna sama da wata guda yana jiran ayarin da zai zo masa da kuɗi daga Tarabulus. Kuɗin suka iso a watan Janairun 1853, a ɓoye cikin akwatunan sukari don kada idon kowa ya kai kansu. Yana karɓa sai ya shiga sayayya, domin a wancan zamani matafiyi ba ya shiga fadar sarki hannu rabbana. Ya sayi jajayen alkyabbu da rawuna da madubai da kanumfari da carbi, ya kuma sayi asake.

Wato tun kusan rabin ƙarni kafin Faransawa su ci ƙasar, aska haja ce da ayari ke saukewa a Damagaram, har ta yi yawan da baƙo zai sara ya tafi da ita tsaraba. Daga ina take fitowa? Shekaru biyu kafin haka, a 1851, Barth ya zauna a Kano ya rubuta kayan Turai da ya gani a kasuwa: yadudduka daga Manchester, takarda mai tambarin wata uku, madubai da allurai daga Nuremberg, ruwan takobi daga Solingen, sai asake daga Sitiriya, wani yanki mai arzikin tama a ƙasar Ostiriya. A ganinsa asaken ba na kirki ba ne, mariƙinsu ma na baƙin katako ne marar ƙwari. Abin da ya burge shi shi ne yadda mutanen ƙasar ke wasa su har su yi kaifi na ban mamaki, su kuma ɗaure mariƙin da jan ƙarfe don ya jure aiki. Shi kansa ya zo da asaken Ingila masu kyau, sai ya tarar ba mai ba da fiye da wuri 1,000 a kan aska ɗaya komai kyanta, a lokacin da riyal guda ke kan wuri 2,500. Masu kyan sai dai a yi wa manya kyauta da su.

Mai sayen yana da hujjarsa. Ya san ƙarfe kawai ya saya, kaifin kuwa shi zai sa masa da hannunsa idan ya koma gida. To, me zai sa ya biya kuɗin kaifin da wani ya yi a Sheffield ta Ingila, alhali bayan aski uku sai ya mayar da askar kan dutse? Duk wanda yake son ya fahimci abin da reza ta zo ta canza a ƙasar nan, daga nan ya kamata ya ɗauko zaren.

Damagaram tana kan hanya ce, shi ya sa kayan suka same ta. Daga tashoshin Bahar Rum jirgi ya kai su Tarabulus, daga can raƙuma su ɗauka ta Gat, su ratsa Abzin, su gangaro Damargu, su sauke a Zango, unguwar fatake da Buzaye da ke wajen ganuwar Birni. Masarautar da zuriyar Malam Yunus ta kafa a ƙarni na 18 ƙarƙashin inuwar Barno ta mayar da fadarta Zinder a zamanin Sarki Sulaiman, a farkon ƙarni na 19, kuma a zamanin Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ta kai ƙarfin da ba ta taɓa kaiwa ba. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, kuma a zamaninsa aka riƙa haɗa albarushi ana zuba igwa a cikin garin. Garin da maƙeransa suka iya zuba igwa ba zai rasa mai ƙera aska ba. Askar maƙeran gida ta zauna kafaɗa da kafaɗa da ta ayari a cikin zabira ɗaya, zabirar kuma aikin dukawan gari ce, waɗanda har gobe ake yabon aikin fatarsu.

Wanzanci sana'ar gado ce, kuma kamar sauran masarautun ƙasar Hausa wanzamai suna da shugabansu, Sarkin Aska, da muryarsu a fada. Aski kaɗan ne daga aikinsu. Rana ta bakwai da haihuwa wanzami ne ke yi wa jariri askin suna, a ba shi kasonsa na nama da hatsi da abin da ya sawwaƙa. Shi ke yin kaciya idan sanyi ya shigo, shi ke kafa ƙaho ya tsotse mataccen jini, shi ke yin sakiya. Shi ne kuma ke yin tsagar gado, kuma a ƙasa irin Damagaram, inda Barebari da Hausawa da Fulani da Buzaye suka cuɗanya, a ƙarnin da hari da kamun bayi ba su yi sauƙi ba, tsagar fuska ce ke faɗin gidan da mutum ya fito ko da bakinsa bai faɗa ba. Kowane gida yana da wanzaminsa, kamar yadda kakan wanzamin ya yi wa kakan maigidan aiki. Sarki ma haka. Idan aka warware rawani aka ajiye hula, wanzami ne kaɗai ke tsayawa a kan sarki da kaifi a hannu, dogarai suna kallo. Irin wannan amana ba a ba baƙo.

Wanda ya taɓa zama gaban tsohon wanzami ya san aikin ba daga kai yake farawa ba. Zai shimfiɗa buzu ko tabarma a inuwa, ya buɗe zabira, ya fito da dutsen wasi wanda tsakiyarsa ta lotsa saboda shekaru. Ya ɗiga masa ruwa, ya kwantar da aska a kai, ya tura ya jawo, yana juya ta a bayanta, ba ya ɗaga bakin daga dutse. Daga nan ya koma kan fata, sa'an nan ya goga ta sau da yawa a tafin hannunsa, ya gwada a gashin damtsensa. Sai ya jiƙa kan da ruwa daga ƙoƙo, ya murza da sabulu, ya yi ta murzawa har gashin ya yi laushi, domin rabin zafin aski daga gaggawar wannan murzar yake zuwa. Babban yatsan hagu yana jan fata, aska tana biye da shi a kwance, bayan kowane ja ya share ta a bayan hannunsa. In ta fara ja sai ya tsaya ya sake goga ta a tafin hannu, hira kuma ba ta yanke ba. Ya ce, "Sunkuya kaɗan, Alhaji," ya gama ƙeya, ya bi bayan kunne, ya dawo gaban goshi inda aka ce aski ya fi zafi, ya gyara saje da gashin baki, gemu kuwa ya daidaita shi kawai ya bar shi. Yaron gidan wanzamai yakan daɗe yana wasi da riƙon zabira kafin a yarda ya taɓa kan mutum.

Wannan wasin ne wani mutum a Amurka ya ƙuduri aniyar kashewa. A 1895, lokacin Ahmadu Kuran Daga yana kan gadon Damagaram, King Camp Gillette ɗan tallan wani kamfanin murfin kwalba ne. Maigidansa, William Painter, ya taɓa ba shi shawara ya ƙirƙiro abin da za a yi amfani da shi a jefar a dawo a sake saye. Wata safiya askarsa ta dakushe har fata ba ta iya tashinta, sai tunani ya zo masa: me zai hana a yi ɗan siririn ƙarfe mai baki biyu, mai arha, wanda in ya dakushe ba sai an kai wa mai wasi ba? Masana ƙarfe suka ce ƙarfe mai wannan sirantaka ba zai ɗauki kaifi ba. Shekara shida ana fama kafin wani injiniya, William Nickerson, ya gano yadda za a ƙarfafa shi a wasa shi da inji. Aka kafa kamfani a Boston a 1901. A 1903 abin da suka sayar duka bai wuce mariƙi 51 da reza 168 ba. A shekara mai bi mariƙin ya kai wajen 90,000, kowane a kan dala 5, kuma ranar 15 ga Nuwamba 1904 gwamnati ta ba shi takardar mallakar fasaha. Tallan kamfanin bai ɓoye manufarsa ba: an gama da dutse, an gama da fata. Yaƙin duniya na ɗaya ya ƙarasa aikin, domin a 1918 rundunar Amurka ta karɓi mariƙi miliyan 3.5 da reza miliyan 32 ta raba wa sojojinta, suka koma gida da sabon sabo.

A cikin waɗannan shekarun ne duniyar Damagaram ta kife. An kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Zinder a watan Mayun 1898. A ƙarshen Yulin 1899 aka gwabza a Tirmini, Faransawa suka shiga Birni, aka kashe Kuran Daga a watan Satumba. A 1906 suka tuɓe Sarki Ahmadu ɗan Bassa bisa zargin shirya tawaye, zargin da ya shafi har attajirin Zango, Malam Yaro, wanda harkarsa ta kai Tarabulus. A 1911 abubuwa uku suka haɗu: Zinder ta zama hedkwatar mulkin soja na Nijar, Italiya ta afka wa Tarabulus, layin dogo kuma ya iso Kano. Hanyar Sahara da ta riga ta raunana ta mutu, kayan Turai suka juya suna shigowa ta kudu, daga teku zuwa Kano, daga Kano zuwa Damagaram a kan jakuna da raƙuma, daga baya a mota. Gyaɗa da fatu suna fita, kayan kanti suna shigowa. Ko bayan da aka mayar da hedkwata Yamai a 1926, wannan hanya ba ta tsaya ba. Ta nan reza ta bi, ta sauka daga kantin Bature zuwa faifan ɗan koli, kusa da allura da madubi da ashana, inda askar Sitiriya ta taɓa zama.

Amma ba yadda mai ita ya tsara ta shigo ba. Gillette ya yi mariƙinsa ne don mutumin da ke tsayawa gaban madubi kowace safiya ya kankare haɓarsa da kansa. Wannan ya dace da hafsan bariki da soja da ma'aikacin ofis. Bahaushe ko Babarbare na Birni gemunsa yake bari, kansa yake askewa, kuma ba mai iya yi wa ƙeyarsa ƙwal-kwabo shi kaɗai. Saboda haka mariƙin bai yi kasuwa sosai ba, tsirarar rezar ce ta bazu, ana sayenta ɗaya ɗaya. Ta shiga hannun tela yana farke ɗinki, da baduku yana yankan fata, da almajiri yana fiƙe alƙalami, da ɗan makaranta yana fiƙe fensir, da mai yankan farce, da ungozoma. Mutane suna kiran kowace iri da hoton da ke jikin takardarta, kamar Nacet mai kada da Tiger mai damisa. Kuma tsohon hali bai bar mu ba: reza ta dakushe, sai a goga ta a tafin hannu ko a cikin kofin gilashi a ƙara mata kwana. A wannan ba mu kaɗai ba ne, Turawa ma sun yi haka a shekarun yaƙi da reza ta yi wuya.

Yau a Turai da Amurka akwai masu tara tsofaffin reza da takardunsu kamar yadda ake tara kan sarki, kuma suna iya gaya maka shekarun abin da ke hannunsu. Abu na farko da suke dubawa shi ne tsakiyarta. Rezar Gillette ta farko huji uku gare ta a jere, kuma ta fi ta yanzu kauri, wajen milimita 0.15, ta yanzu kuwa kusan 0.10. Da takardar mallakar 1904 ta ƙare a 1921, kowa ya shiga ƙera mai huji uku. Don ya kori masu kwaikwayo, a 1930 kamfanin ya fito da reza mai doguwar tsaga a tsakiya, sai ya tarar wani mai suna Henry Gaisman ya riga shi rajistar irin wannan tsaga. Rigimar ta ƙare da haɗewar kamfanonin biyu a wannan shekarar, kuma siffar da aka daidaita a kai ita ce ta rezar da ke kan teburin kowane mai shago a Kasuwar Dole ta Zinder. Mai huji uku ta Gillette, ke nan, ta girmi 1930. Mai launin shuɗi ta fara fitowa a 1932, shekarar da Gillette ya rasu, ko da yake hotonsa mai gashin baki da sa hannunsa sun ci gaba da fitowa a takardar shekaru da yawa bayansa.

Abu na biyu shi ne harafi da lamba. Daga 1930 masana'antar Amurka ta riƙa buga harafi ɗaya na shekara da lamba daga 1 zuwa 4 ta rubu'in shekara. A ita ce 1930, B 1931, haka har Z a 1954, ana tsallake Q, sa'an nan aka sake komawa A a 1955. Daga 1951 aka riƙa buga irin wannan alama a ƙarƙashin kan mariƙin ma. Mariƙin da ke ɗauke da F da 2, alal misali, an ƙera shi tsakanin Afrilu da Yunin 1960, 'yan makonni kafin Nijar ta samu 'yanci. Tun da harafi yana dawowa bayan shekara 25, sai a haɗa da siffar abin da irin takardarsa kafin a yanke hukunci. Kayan Ingila da Faransa, waɗanda su suka fi isowa nan, ba lallai su bi wannan tsari ba. A kan kayan da ba na Amurka ba sunan ƙasa ya fi taimako: takardar da ta ce Jamus ta Yamma ba ta wuce tsakanin 1949 da 1990, wadda ta ce Tarayyar Sobiyat ba ta haura 1991, Cekoslobakiya kuma ta rabu biyu a ƙarshen 1992. Lambobi 1, 2, 3, 4 da ake gani a kusurwoyin wasu reza na yanzu ba kwanan wata ba ne, alamar bakunan ce kawai.

Wasu daga masu tarawar har aski suke yi da su don su ji abin da kakanninsu suka ji. Mafi yawa sukan ce akwai ja. Rezar da aka yi kafin shekarun 1960 baƙin ƙarfe ce mai tsatsa, kuma bakinta ya fi ko'ina sirantaka, don haka shi laima ke fara ci, ko da tana cikin takardarta, ko da ido bai ga komai ba. Busasshiyar iskar ƙasarmu tana tausaya wa ƙarfe fiye da ta bakin teku, amma duk da haka ban ga dalilin da zai sa a ɓarke takardar da ta shekara saba'in a rufe don aski ɗaya ba. Wadda aka tsinta a buɗe kuwa, ba a san wanda ta taɓa yanka ba, ba ta da hurumi a fatar kowa.

Canjin gaske ya zo a 1962, da kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da reza ta ƙarfen da ba ya tsatsa, bakinta da wani shafi mai santsi, dangin wanda ake yi wa kaskon suya don kada abinci ya kama. Tana daɗewa, ba ta ja, kuma wasi ba ya ƙara mata komai, sai ma ya kankare shafin. Sauran kamfanoni suka bi sahu cikin shekara guda. A 1975 Bic na Faransa ya kawo ta roba wadda ake jefarwa har mariƙinta.

Duk da haka, abin da ya raba wanzami da askar gado ba talla ba ne, cuta ce. A 1987 aka tabbatar da ƙanjamau a Nijar, kuma a shekarun da suka biyo ma'aikatan lafiya da rediyo suka yi ta bayani cewa kaifin da ya taɓa jinin wani yana iya kai cuta ga wani, ƙanjamau ko ciwon hanta, wanda ya ma fi saurin kamawa. Wasi ba ya kashe ƙwayar cuta, goga aska a tafin hannu ma haka. Ina ƙaunar wannan sana'a, amma a nan gaskiya tana wajen sabuwar reza, kuma wanzaman da suka karɓe ta sun kyauta. Sabuwar reza a hannun ungozoma ta tsare jarirai da yawa daga cutar sarƙe-haƙora da ke shiga ta cibiya. Akwai kuma ayyukan da bai kamata a yi kewarsu ba ko da wane irin kaifi aka yi su: cire belun jariri ba tare da dalilin likita ba, da yankan angurya, wanda ya faɗa ƙarƙashin dokar watan Yunin 2003 da ta haramta kaciyar mata a Nijar.

Wanzamin yau yakan ɓare takardar a gaban wanda zai yi wa aski, ya karya rezar biyu tun tana ciki, ya zura rabi a mariƙin ƙarfe mai kama da tsohuwar aska. Wani lokaci ma wanda za a yi wa askin ne ke zuwa da tasa. Samari sun koma shagunan aski masu injin lantarki, amma ranar suna har yanzu wanzami ake aika wa, kuma hannun da ke jan fata yana kwantar da kaifi shi ne dai na da. Dutsen ne ya koma ƙasan zabira, kuma yaran da ke tasowa a gidajen wanzamai da yawa ba su iya shi ba.

Tsofaffin asaken suna nan a gidaje a Birni da Zango da Mirriya da Magarya, kuma su ma ana iya gane shekarunsu. Ta Turai takan ɗauki tambarin maƙeri a wuyanta, kusa da inda ta haɗu da mariƙi: Solingen, Sheffield, ko Thiers ta Faransa. In an buga sunan ƙasa a gefen sunan garin, galibi ta biyo bayan dokokin Ingila na 1887 da na Amurka na 1890 da suka tilasta bayyana inda aka ƙera kaya. Faɗin bakin yana nuna yawan wasin da ta sha, domin aska takan rame da shekaru. Ɗaurin jan ƙarfe ko na fata a mariƙi aikin gida ne. Ta maƙeran gida ba ta da tambari ko kaɗan, sai a koma ga masu ita: wa ya gada daga wa, kuma a zamanin wane sarki. Jerin sarakunan da André Salifou, ɗan garin, ya yi aiki a kai cikin littafinsa na 1971 kan Damagaram ta ƙarni na 19, da na waɗanda suka biyo baya, ya isa ma'auni. Wadda aka ce ta yi aski a shekarun da Faransawa suka riƙe gari ta hannun Bellama ta girmi 1923, shekarar da Barma Mustafa ya hau. Ta zamaninsa tana tsakanin 1923 da 1950. Ta zamanin Umaru Sanda tana tsakanin 1950 da 1978. Wanda ya samu irin wannan aska kada ya kankare tsatsar wuyanta da yashi, domin tambarin zai tafi tare da ita. A shafa mata ɗan mai, a naɗe ta a busasshen ƙyalle, a rubuta sunan gidan da jerin waɗanda suka riƙe ta tun tsofaffin gidan suna iya lissafa su.